Kundin aiki: neman tsohuwar kyamarar fim 120 mai araha wadda za ta yi ƙarko

6 ga Janairu, 2025

Abin da ake nema kyamara ce guda ɗaya, tsohuwa, mai cin fim mai faɗi, wadda kuɗinta da na gyaranta ba za su wuce naira 250,000 ba, kuma idan ta samu matsala a iya gyara ta a nan Kano ba sai an tura ta waje ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi zai fi yanke hukunci.

Fim ɗin da ake magana shi ne 120, wanda Kodak ta fito da shi a 1901, kuma har yau ana yin sa. Faɗinsa kusan milimita 61 ne, a naɗe a kwarkwaro, da takarda a bayansa mai kare shi daga haske. Tsawon naɗi ɗaya ne, kyamara ce ke yanke yawan hoton da za a samu: girman hoto 6x4.5 (a santimita) na ba da 15 ko 16, 6x6 na ba da 12, 6x7 goma, 6x9 takwas. Hoton 6x6 a zahiri milimita 56 ne kowane gefe, ya ninka filin hoton fim 35mm fiye da sau uku da rabi.

Sharuɗɗan su ne shota, wato ƙofar da ke buɗe wa fim haske, ta zama ta sifirin, wadda ba ruwanta da batir, kuma a iya ganin fokos da ido kafin a ɗauka. Sannan lallai ta ci 120, ba 620 ba. Tsofaffin kyamarorin Kodak masu arha da yawa 620 suke ci. Fim ɗin iri ɗaya ne, kwarkwaron ne ya fi siriri, an kuma daina yin sa tun 1995, don haka kowane naɗi sai an sake naɗe shi a duhu. Wahalar ta fi arhar.

9 ga Janairu

Yau tacewa aka yi.

Masu lantarki sun fita tun farko. Mamiya M645 ta 1975, Pentax 6x7 ta 1969 da Bronica ETRS duk batir mai bolt 6 ke tafiyar da shotarsu. Bronica in ba batir sai gudun 1/500 na daƙiƙa kaɗai za ta buga. Batirin ana samu. Matsalar ita ce idan allon lantarkin ciki ya mutu, babu sabo, sai dai a sayo wata kyamarar a ciro nata.

Mamiya RB67 ta 1970 ba ta da ko waya ɗaya ta lantarki, kuma tana da ƙarko. Amma da ido, wato gilashin ɗaukar hoto, da akwatin fim ta haura kilo biyu da rabi, kuɗin jigila kuwa da nauyi ake biya. Ga soson tare haske a wurare da dama, a jiki, a faifan da ke juya akwatin, da akwatin kansa, kuma yawanci duk sun ruɓe. Ta fi ƙarfin aljihu a yanzu.

Kiev 60 da Kiev 88 na masana'antar Arsenal da Pentacon Six ta Jamus ta Gabas suna da idanu masu kyau, amma an san su da hawan hoto kan hoto saboda giyar jan fim. Kiev 88 ma in aka canza gudun shota kafin a ɗana ta, ana iya lalata ta. Ba kyamarar da za a saya ba tare da makanikinta a kusa ba ce.

Masu naɗewa irin su Agfa Isolette da Zeiss Ikon Nettar sun fi kowa arha, suna shiga aljihun babbar riga. Sai dai masu arhar cikinsu nisa ake kintata, kuma komai ya dogara da lafiyar zugazugin, jakar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ido da fim.

Saura masu ido biyu: idon sama na kallo, idon ƙasa na ɗauka. Madubinsu a kafe yake ba ya motsi, shotar ganye ce a cikin ido, abubuwan da ke motsi kaɗan ne. Irin su ne kuma suka yi aikin situdiyo a Afirka ta Yamma. Malick Sidibé a Bamako da Sanlé Sory a Bobo-Dioulasso da Rolleiflex suka yi aiki, wanda bai kai ga Rolleiflex ba kuwa ya sayi ta Japan ko ta Sin mai kama da ita. Saboda haka akwai yiwuwar a samu a gida.

A cikinsu Rolleicord, ƙanwar Rolleiflex mai ido Xenar 75mm f/3.5 (lambar f faɗin tagar haske take nunawa, ƙaramar lamba babbar taga), ita ce ta fi inganci, amma suna ya ɗaga mata farashi. Minolta Autocord idonta Rokkor ba ya kasa Xenar, amma hannun fokos ɗinta da ke ƙarƙashin ido ƙarfe ne mai gautsi, da giris ya daskare aka matsa sai ya karye. Lubitel 166B ta Leningrad roba ce, shotarta 1/15 zuwa 1/250, gilashin kallonta kuma ɗan da'ira ne kawai a tsakiya ke nuna fokos. Seagull 4A ta Shanghai wata ta yi kyau wata ta ƙi, sa'a ce. Mamiya C220 da C330 ana canza musu ido, amma nauyi da kuɗi. Yashica ce ta rage, kuma a ganina nan ne hankali ya kamata ya tsaya.

13 ga Janairu

An yi odar kayan wanki da fim. Tankin wanki na Paterson, jakar duhu da ma'aunin zafi, dala 75. Rodinal, sinadarin fito da hoto, rabin lita, dala 16. Fiksa ta Ilford, mai zaunar da hoto a fim, lita ɗaya, dala 20. Fim Fomapan 100 naɗi biyar, dala 35. Fim Ilford HP5 Plus naɗi biyar, dala 45. Rodinal aka zaɓa saboda ruwa ne mai kauri da ke daɗewa shekaru ko an buɗe kwalbar, a haɗa a yi amfani a zubar.

Sinadaran ta kamfanin jigila za su zo. Fim ɗin a jakar hannu za a taho da shi, kuma an gaya wa mai kawowa ya roƙi a duba da hannu a filin jirgi. Sababbin na'urorin binciken kaya na CT suna dusashe fim ko da wucewa ɗaya ne.

16 ga Janairu

An samu kyamarori uku a wani tsohon situdiyo da ya koma ɗaukar fasfo da dijital: Yashica-Mat 124G, Yashica-D da Agfa Isolette. Kayan dubawa su ne ƙaramar tocila, kwarkwaron 120 mara fim, da waya.

Isolette ba ta ɗau lokaci ba. An buɗe bayanta a ɗaki mai duhu, an cusa tocila cikin zugazugin, sai ga ɗigon haske a kusan kowace kusurwar lanƙwasa. Zoben fokos kuma ko motsi ba ya yi, koren giris ɗin da Agfa ta yi amfani da shi ya daskare kamar siminti. Duka biyun sanannun cututtukan Isolette ne. Ana iya narkar da giris da zafi da haƙuri, amma zugazugin sai sabo, kuɗinsa ya fi na kyamarar.

124G ce ke ɗaukar ido: baƙa, tsaf, fatarta lafiya lau. An yi irinta daga 1970 zuwa 1986, idon ɗauka Yashinon 80mm f/3.5 mai gilashi huɗu, na kallo f/2.8, da hannun juyawa da ke jan fim ya ɗana shota lokaci guda. Amma wannan shotarta a cije take. Sandar jinkirta ɗauka tana tsaye a rabin hanya, makunnin filasha kuma, mai matsayi biyu M da X, yana kan M. Wannan shi ne kuskuren da ke kashe Yashica da yawa: a shotar Copal ɗin nan ba a taɓa sandar jinkiri sai makunnin yana kan X, in ba haka ba sassan biyu su sarƙe. Na ce wa mai situdiyon, "Baba, wa ya taɓa wannan?" Ya ce jikoki ne. Da aka haska idon ƙasa ta baya, akwai hazo a gilashin ciki, irin wanda tururin man shota ke bari. Ramin batir kuma ya yi kore. Dama ma'aunin haskenta batirin makuri PX625 mai bolt 1.35 yake so, wanda aka daina yi. Na alkalin mai 1.5 yana ba da karatun ƙarya, sai dai a yi dabara da batirin na'urar ji mai lamba 675, shi kuma ba ya daɗewa. Kuɗin da aka faɗa naira 300,000. Shota a cije ba a san abin da ke bayanta ba, ba a iya gwada jan fim, ba a iya gwada komai. An bar ta.

Yashica-D ba ta da kyan gani. Fata ta ɓare a gefe biyu, fenti ya goge a kusurwoyi. Idanunta Yashikor 80mm f/3.5 ne sama da ƙasa, mai gilashi uku. An sa shota a B, inda take tsayawa a buɗe muddin an danne ta, an buɗe tagar haske duka, an haska ta baya: ƙura ce kawai, ba hazo, ba zaren fumfuna, ba karce. Ganyen tagar haske a bushe suke ba maiƙo. Maɓallin fokos na juyawa sumul, allon gaba yana fita a miƙe ba ya karkata, in aka matsa shi da yatsa ba ya girgiɗi. Daga 1/30 zuwa 1/500 shotar na bugawa tsaf, a ƙananan gudu kuwa tana jan ƙafa. Murfin baya yana rufuwa daidai, bai lanƙwashe ba. Wannan na da muhimmanci, domin ramin ɗaura ta a kan mazauni mai ƙafa uku a jikin murfin yake, kuma masu ɗaure ta da ƙarfi su ɗaga ta da shi sukan tanƙwara shi.

Abin da ya sa D ta fi dacewa da sharaɗin iya gyarawa a Kano shi ne jan fim da ɗana shota a rabe suke. Maɓalli ke jan fim, wata 'yar sanda ta daban ke ɗana shota. Babu giyar da ke haɗa su, wadda ita ce ke yawan lalacewa a masu hannun juyawa. An daidaita a naira 130,000, an ba da rabi, sauran sai an ga fim ɗin gwaji.

20 ga Janairu

Awon shota da waya. An buɗe baya, an sa fitila a gaban ido, an ɗauki bidiyo mai saurin firam 240 a daƙiƙa, sannan aka ƙirga firam ɗin da haske ya bayyana a ciki. Daƙiƙa 1 ya kamata ta ba da 240, ta ba da kusan 450. Rabin daƙiƙa wani lokaci tana tsayawa a buɗe sai an ɗan bubbuga jikin. 1/8 ta ba da 44 maimakon 30. 1/30 ta ba da 9 maimakon 8, 1/60 tsakanin 4 da 5. Daga 1/125 zuwa sama wayar ba ta da saurin da za ta auna, fim ne zai nuna. Kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba fim baƙi da fari na shanye shi. Ke nan giyar ƙananan gudu ce ta yi datti, babban sifirin lafiyarsa ƙalau.

23 ga Janairu

Kaya sun iso. Jigilar sinadarai naira 35,000. Fim ya shiga firji cikin leda mai zif.

25 ga Janairu

Naɗin gwaji, Fomapan 100. An fito da shi daga firji awa biyu kafin buɗewa don kada raɓa ta kwanta masa. Sabon naɗi a ramin ƙasa, kwarkwaro mara komai a sama, a ja takardar har kibiyar da ke jikinta ta daidaita da jajayen alamomin da ke gefen hanyar fim, a rufe, a juya har lamba 1 ta fito maɓallin ya tsaya. Bayan kowane hoto a danna tsakiyar maɓallin kafin ya sake juyawa.

Kowane hoto cikin 12 da aikinsa. Huɗu na farko bango ɗaya ne a rana, da haske daidai wa daida amma gudu daban: 1/60 a f/22, 1/125 a f/16, 1/250 a f/11, 1/500 a f/8. In shotar na da gaskiya duk za su fito da duhu ɗaya. Biyu na tef ɗin awo ne da aka shimfiɗa a karkace, an kafa ashana a mita ɗaya da rabi, an yi fokos a kanta a f/3.5. Biyu na dogon ƙarfen sadarwa ne mai nisa. A hoto na tara an rufe ido, an ajiye kyamarar a rana minti goma ana juya ta kowane gefe, don neman yoyon haske. Sauran fuskar mutum ce a inuwa.

Wanki: Rodinal mililita 10 cikin ruwa 500, minti 9 a digiri 20. A kifa tankin a hankali rabin minti na farko, sannan sau huɗu kowane minti. Ruwan randa da sassafe ya nuna 21, an jefa ƙanƙara ɗaya ya sauko. Ruwa zalla na tsayarwa, fiksa kashi 1 cikin ruwa kashi 4 na minti biyar, sai ɗauraya: a cika tanki a kifa sau 5 a zubar, sau 10, sau 20. Ruwan farko ya fito shuɗi-kore, rinin bayan Fomapan ne, ba wata matsala ba.

26 ga Janairu

Tazarar hotuna daidai take daga 1 zuwa 12, ma'ana ƙaramin gargaren mai haƙora da ke bin takardar fim a ramin sama yana ƙirga aikinsa. Hotunan bango uku sun yi duhu ɗaya, na 1/500 ya ɗan fi duhu, abin da aka saba gani a tsohuwar shotar ganye. A ɗauke ta a matsayin 1/350.

Matsala ta farko yoyon haske. Baƙin gungu ya ratsa fim ɗin daga gefe zuwa gefe, ya fi ƙarfi kusa da hoto na tara, kuma ya shiga har cikin bakin fim inda ido ba ya kaiwa. Wannan ita ce shaidar cewa ta baya hasken ya shigo. Da ta gaba ne, da ya tsaya a iyakar murabba'in hoton. Da aka jera nagatif ɗin a cikin kyamarar yadda yake a lokacin, gungun ya faɗo daidai maɗaurin murfi na sama.

Ta biyu ta fi tsanani. Ashanar ba ta fito ba, lambobin tef ɗin da suka fito tar suna kusan santimita 30 a bayanta. A f/3.5 da nisan mita ɗaya da rabi, zurfin abin da ke fitowa tar bai fi santimita 10 ko 11 ba, don haka duk fuskokin sun dusashe, bangon bayansu ya fito. Amma ƙarfen sadarwar, da aka juya maɓallin har ƙarshe, ya fito ras. Wato idon ɗauka yana wurinsa, ɓangaren kallo ne ke ƙarya.

29 ga Janairu

An tabbatar kafin a kwance komai. An yanko roba mai haske daga murfin faifan CD, an manna mata salatif mai dusashi, an ɗora ta a kan layukan ƙarfe na ciki inda fim ke kwanciya, salatif ɗin na fuskantar ido. Shota a B da igiya mai makulli, tagar haske a 3.5, gilashin ƙara girma a hannu. Ƙarfen sadarwar ya fito tar a nan. A gilashin kallo na sama kuwa bai taɓa fitowa tar ba ko an juya har ƙarshe, abin da ke mita takwas ne ke fitowa.

Kusoshi huɗu ke riƙe da hular kallo. Da aka cire, madubin yana zaune daram a mazauninsa, amma gilashin kallon an juya shi: gefen dusashi yana sama, mai sheƙi yana ƙasa. Wani ya taɓa cirewa ya goge ya mayar a birkice. Hoto a kan gefen dusashi yake haɗuwa, kaurin gilashin ya ɗaga shi sama da inda ya dace, sai mai ɗauka ya tsayar da allon gaba bai kai ba, fokos ya faɗa bayan abin da ake so. Kuskuren bai kai milimita ɗaya ba. An wanke gilashin da ruwa da ɗigon sabulu, an mayar da dusashi ƙasa. Yanzu ido biyun sun yi daidai a nesa da kuma a mita ɗaya da rabi. Da an fara da juya idon sama, kamar yadda wasu ke saurin yi, da an ƙara ɓata lissafi.

Madubin a fuskarsa azurfar take, ba a bayan gilashi ba, goge shi da tsumma na kankare ta. Iska kawai aka hura masa. Ya ɗan ci a gefuna amma ana gani.

Soson da ke maɗaurin murfi ya zama baƙin danƙo. An kankare da tsinken sakace da sifirit, an manna baƙin yadin felt mai kaurin milimita 1. A kwararon gefen murfi an cusa baƙin zaren ulu da ɗigon gam nan da can. Kada a yi kauri, in murfi ya rufu da ƙyar farantin danne fim ba zai zauna daidai ba. Kuɗin wannan naira 3,500.

3 ga Fabrairu

Shota ta tafi wurin mai gyaran agogo, tunda giyar ƙananan gudu aikin agogo ce. An ɗaga fatar gaba, an cire murfin allon, ana ɗaukar hoton kowane mataki da waya. Akwai siraran wasa, wato ƙananan zobba, a ƙarƙashin wasu kusoshin, kowanne dole ya koma inda aka same shi domin su ke daidaita allon. Gilashin gaba da hannu yake kwancewa, na baya sai da sifana mai baki biyu. Ya wanke giyar da man laita, ya sa ɗigon man agogo da bakin allura a kan sandunan juyawa kawai. Nan take daƙiƙa 1 ta koma daidai.

4 ga Fabrairu

Da safe shotar ta ƙi buɗewa gaba ɗaya. Man laitan ya narkar da tsohon mai ya gangaro da shi kan ganyen shota. Yana jiƙe komai na tafiya, da ya bushe cikin sanyin dare sai ya bar siririn maiƙo, ganyen biyar suka manne da juna. Ganyen shota a bushe ƙayau suke aiki, mai ko kaɗan ba ya taɓa su.

Malamin ya ce a bar masa ita. An sake cire gilasan biyu, ana shafa ganyen da auduga mai ɗan jiƙe da man laita, gaba da baya, a buga shota, a goge da busasshiya, a sake, har audugar ta daina fitowa da launi. Ba a dannawa, ganyen sun fi takarda siriri, in ɗaya ya fita daga ƙugiyarsa sai an wargaza shotar duka. Za ta kwana biyu a buɗe kafin a mayar da gilasai, don a ga ko maiƙon zai dawo.

7 ga Fabrairu

Bai dawo ba. Daƙiƙa 1 firam 255, 1/8 firam 32, 1/30 firam 8. An haɗa, an sake gwada fokos da robar CD, yana nan. Makunnin filasha an tsayar da shi a X an ɗaure da baƙin salatif. Kuɗin aiki naira 18,000.

11 ga Fabrairu

HP5 Plus, Rodinal mililita 10 cikin 500. A digiri 20 minti 11 ne, amma ruwan ya tsaya a 22, aka rage zuwa minti 9, kusan kashi goma cikin ɗari ga kowane digiri. Ba yoyo, fokos ya faɗa daidai.

Halin Yashikor ya fito fili. A f/3.5 tsakiya ta yi kyau, kusurwoyi sun yi laushi, abin da ke baya yana ɗan murɗewa. A f/8 da f/11 sai an ƙura ido a kusurwa kafin a bambanta shi da Yashinon. Inda yake kasawa shi ne in rana na gaba ko farin bango ya cika gefe, sai hoton ya yi fari-fari ya rasa ƙarfi. Rabin laifin na fentin cikin akwatin ne mai ɗan sheƙi. Maganin hular ido ce mai bakin Bay 1, irin wadda ke shiga Rolleicord da Autocord ma, da liƙa baƙin yadi mara sheƙi a bangon ciki.

Hasken hunturu: da fim mai lamba 100, rana tsaf 1/125 a f/16, ranar da hazo ya rufe f/11, inuwar zaure f/5.6 ko ƙasa. Manhajar awon haske ta waya ta yi daidai da wannan.

Ƙura ta ɓata naɗin farko wajen shanya, ta manne a jiƙaƙƙen fim ba ta fita. Wannan karon an yayyafa ruwa a banɗaki, an rufe taga da ƙofa, an rataye fim ɗin da maƙalin shanya biyu a ƙasa don kada ya nannaɗe. Ɗaurayar ƙarshe da ruwan leda aka yi, na rijiyar burtsatse yana barin tabon gishiri.

14 ga Fabrairu

An biya sauran kuɗin kyamara. Hular ido da igiyar shota naira 16,000.

18 ga Fabrairu

Abubuwan da sai hannu ya saba. D ba ta hana ɗaukar hoto biyu a firam ɗaya, don haka ƙa'ida ɗaya za a riƙe: ana ɗauka a ja fim nan take, kullum. A saita gudu kafin a ɗana shota. Hoto a gilashin kallo dama ce ke komawa hagu. Mafi kusancin fokos mita ɗaya ne, kuma a nan idon sama na ganin abin da ya ɗara na ƙasa tsawo, sai a bar sarari a saman kai kada a yanke hula.

Naɗin yau ya fito a sake, hasken ya taɓa gefunan hoto biyu na ƙarshe. Ƙarfen da ke danne naɗi a ramin ƙasa ya yi sanyi, an ɗan tanƙwaro shi waje. Kuma a riƙa dafe naɗin da babban yatsa yayin jan takardar farko, a cire fim a inuwa. A juya maɓallin a hankali: iska ta bushe sosai, jan takarda da sauri na iya haifar da tartsatsin da ke barin zane a fim.

22 ga Fabrairu

Lissafi. Kyamara 130,000, gyaran shota 18,000, kayan tare haske 3,500, hula da igiya 16,000, jimilla naira 167,500, ƙasa da abin da aka ware. Kayan wanki da fim dala 191, kusan naira 300,000, ga jigila 35,000. Kyamarar ita ce ƙaramin kashi a cikin kuɗin. Hoto ɗaya a Fomapan yana tashi kusan naira 900, a HP5 kusan 1,200, ban da sinadari. Kwalbar Rodinal za ta wanke naɗi 50. Wanda ya ɗauki 6x9 kowane hoto zai ƙara masa rabin wannan kuɗin.

27 ga Fabrairu

Zafi ya fara. Ruwan famfo da rana ya kai digiri 29, don haka daga yanzu sinadari, fiksa da ruwan ɗauraya duk za su zauna a baho ɗaya mai ƙanƙara har su daidaita. Fim ɗin da ya fito daga ruwan sanyi ya faɗa mai ɗumi fatarsa na iya yamutsewa, Fomapan kuma fatarsa da laushi. Ba za a bar lokacin wanki ya sauka ƙasa da minti biyar ba, yana fitowa da dabbare-dabbare.

Aikin da ke gaba bayan azumi: liƙa baƙin yadi a cikin akwatin, sabuwar fata, da sabon madubi mai kauri ɗaya da tsohon, a sake gwada fokos bayan an sa shi. Kwafe nagatif a yanzu da waya ake yi a kan farin allo mai haske, ya isa dubawa amma bai isa bugawa ba, ana neman sikana mai ɗaukar 120. Za a gwada Kodak Gold 200, wanda ya dawo a girman 120 a 2022. Wankin fim mai launi a digiri 38 ake yi, abin da ya fi sauƙin riƙewa a bazara fiye da 20.

Kafin damina kyamarar za ta bar jakar fatarta, wadda ke riƙe danshi, ta koma roba mai murfi da ƙunshin silika. Shota a sake za a ajiye ta, ba a ɗane ba, kuma a buga kowane gudu sau da dama duk wata.